Rumman da lafiyar maigida: kafin mu taɓa kuɗin asusu

A zamanmu na ranar Laraba nan Tawa, bayan an gama zubi an ƙirga kuɗi a gaban kowa, wata ƴar uwarmu ta ɗaga hannu tana son rancen jika goma. Kamar yadda muka saba, shugaba ta tambaye ta sana'ar da za ta juya su. Ta yi shiru, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Inna, ba sana'a zan yi ba. Don baban yara na. Tun da ya komo daga bida ba shi jin daɗin jikinai. Kai na sara mai, dare guda sai shi tashi hitsari sau huɗu, ga kuma... kun dai gane."

Mun gane. Ta ce wani abokinsa ne ya turo masa saƙon murya a waya, wai garin rumman yana maganin wannan duka, kuma akwai mai saida shi cikin kwalba a bakin tasha.

Nan take zaman ya rabu biyu. Wasu suka ce a ba ta, ai rumman ɗan itacen Aljanna ne. Wasu suka ce kuɗin asusu ba na gwaji ba ne. Shugaba ta ce a dakata mako guda a bincika. Abin da muka samo shi muka kawo muku, don mun san ba a gidanta kaɗai wannan magana take ba.

Ɗan itace mai daraja

Rumman yana da girma a idonmu, kuma da dalili. Sau uku Alƙur'ani mai girma ya ambace shi, sau biyu cikin Suratul An'am, sau ɗaya cikin Suratur Rahman. Asalinsa daga yankin ƙasar Iran zuwa arewacin Indiya ne. A ƙasarmu, inda aka fi saninsa shi ne garake na duwatsun Abzin, musamman Timiya, inda ake noma shi tare da lemu da dabino. Idan lokacinsa ya yi, yakan biyo motocin Agadas ya iso mana.

Wajen gina jiki ba ya da abin kushewa. Cikin giram 100 na ƴaƴansa, wato kamar cikin tafin hannu biyu, akwai kusan giram 4 na harza mai gyara ciki da hana taurin bayan gida, da bitamin C kusan miligiram 10, da sinadarin fotasiyom mai taimakon zuciya. Jan ruwan nan nasa, da ɗan baurin da muke ji a harshe, suna ɗauke da sinadarai masu kare jijiyoyin jini daga saurin lalacewa. Don haka wadda ta ɓare wa maigida rumman bayan tuwo ta yi masa alheri.

Amma mai kwalba ba abinci yake cewa yana saidawa ba. Magani yake cewa. Shi ya sa muka bi maganganunsa uku ɗaya bayan ɗaya.

Maganar hawan jini

A nan ne rumman ya fi samun shaida. A 2017 masana sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 8 da aka yi a kan mutane masu shan ruwan rumman, suka ga yana ɗan rage hawan jini. Sai dai mu lura da yawan ragin. Kun san yadda majo yake faɗa mana awon tansiyon, ya ce 12 bisa 8, ko 14 bisa 9. To ragin da aka gani kusan rabin lamba ɗaya ne. Mutumin da tansiyonsa ya kai 18, in ya dage da shan ruwan rumman kullum, watakila ya sauko 17 da rabi. Har yanzu yana cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Abin da zai sauko da shi inda ake so shi ne ƙwayar da likita ya rubuta, da rage gishiri.

Abin tsoro ga hawan jini, ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Namiji yana tafiyarsa gona ko kasuwa, yana cewa lafiyarsa lau, sai ranar da ya faɗi.

Maganar fitsarin dare

Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan nama da likitoci ke ce wa furostat. Idan shekaru suka ja, galibi daga 50 zuwa sama, yakan kumbura ya matse hanyar fitsari. Sai ka ga dattijo yana yawan tashi da dare, ko fitsarin yana fita kaɗan-kaɗan. Yawanci kumburi ne kawai kuma yana da magani. Wani lokaci kuwa ciwon daji ne. Haka nan ciwon suga ma yana sa yawan fitsari. Ba a rarrabe su da ido, sai da awo.

To ina aka samo maganar rumman? A 2006, a wata jami'a ta birnin Los Anjalas a Amurka, an ba maza 46 da aka riga aka yi wa maganin dajin furostat kofi guda na ruwan rumman kullum. Aka ga kamar alamar ciwon cikin jininsu ta rage saurin hawa. Labari ya bazu duniya. Sai dai gwajin yana da giɓi, don ba a ware wasu mazan da ba su sha ba, balle a gwada. Da aka sake gwajin da mutane fiye da haka, wasu aka ba su rumman, wasu aka ba su abin da ya yi kama da shi, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Labarin farko ya iso wayoyin mazanmu. Na biyun bai iso ba.

Maganar da ake jin nauyin faɗa

Mu mata ne, tsakaninmu muke, bari mu faɗe ta. Yawancin masu sayen kwalbar nan don ƙarfin namiji suke saye. A 2007 an gwada ruwan rumman a kan maza 53 masu wannan rauni, kuma sakamakon bai kai a kafa hujja da shi ba. Har ma akwai wani babban kamfanin ruwan rumman a Amurka, POM Wonderful, da ya riƙa talla cewa kayansa na maganin ciwon zuciya da dajin furostat da raunin maza. Hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta tuhume shi a 2010, ta yanke hukunci a 2013 cewa tallan yaudara ne, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da mafi yawan hukuncin a 2015. Idan kamfani mai tarin dukiya ya kasa kawo shaida, mai kwalba a bakin tasha fa?

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Raunin namiji sau da yawa saƙo ne jiki ke aikowa. Jijiyoyin jini na wurin ƙanana ne, su ke fara nuna alama idan suga ko hawan jini ko taba sigari sun soma yin ɓarna. Wani lokaci alamar takan riga ciwon zuciya zuwa da shekaru. Wanda ya rufe ta da gari ko tsimi, kamar wanda ya ga hayaƙi a rumbu ne ya toshe ƙofa ya koma ya kwanta.

Sannan ba mu san abin da ke cikin kwalbar ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama kayan ƙarfin maza da aka rubuta wa "na itatuwa zalla", alhali an ɓoye maganin bature mai suna sildenafil a ciki. Ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, haɗuwar su biyun tana iya kada jini ƙasa farat ɗaya, har a rasa rai. Ko rumman ɗin kansa, ƴaƴan ne abinci. Saiwarsa da ɓawon itacensa suna da dafi idan aka sha da yawa.

Mi ya kai asusu cikin wannan magana?

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne amana da lissafi: a ranci kuɗi, a juya, a maido da ɗan abin da aka yarda a kai. Rancen da aka zuba cikin kwalba ba ya haihuwa. Wata na zuwa za a nemi wata kwalbar, ciwon kuma yana nan yana cin ƙasa.

Mu matan Adar mun san nauyin gida. Ana gama girbi mazanmu sun kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya, su bar mu da yara da tsofaffi da bisashe. Iyayenmu mata na Keita su ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984, lokacin da mazan ba su nan. Ba aikin muke tsoro ba. Amma duk wadda ta yi jinyar miji mai shanyewar ɓarin jiki ta san yadda abin yake: tunkiyar kiwo ta tafi, jarin ƙosai ya tafi, zubi ya gagara, yarinya ta bar lakwal don ta kama aikin gida. Awon tansiyon kuwa minti biyar ne a gidan likita mafi kusa, na suga ɗigon jini ne a ɗan yatsa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi babban asibitin jiha nan Tawa.

Abin da ke hannunmu

Tukunya a hannunmu take, nan ne ƙarfinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kanwa. Mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yadda harshe zai saba, mu ƙara daudawa da gabu da albasa da tafarnuwa, tun da Allah ya hore mana su a Adar. Kwaɗon zogale, da yakuwa, da kabewa, da tumatir da karas na garake lokacin sanyi, duk suna yin aikin da ake nema ga rumman, kuma ba su kai shi tsada ba. Zoɓo marar sukari da yawa shi ma an gwada an ga yana ɗan rage hawan jini. Shayin majalisa kuwa, mai zagaye uku da sukari kamar za a yi alewa, a lallaɓa a rage masa.

Idan rumman ya shigo kasuwa kuma aljihu ya yarda, a saya a ci da ƴaƴansa, ya fi a tace ruwan. Kofi guda na ruwansa yana da sukari kusan giram 30, kamar ƙaramin cokali bakwai, don haka mai ciwon suga ya yi hattara. Mai shan maganin tsinka jini ko na hawan jini, ya gaya wa likita kafin ya maida shi abin shan kullum. Kuma kada wanda ya ajiye ƙwayarsa don ya samu rumman.

Saura babban aiki, wato kai namiji awo. Kun san amsarsu: "Ni lahiyata lau, mi zan tahi yi likita?" Ba a cin wannan da gardama, balle a gaban yara ko abokiyar zama. Wata a cikinmu ta ce ita cewa ta yi, "Malam, kaina ke juyawa, raka ni a auna ni." Da suka je aka auna ta, sai majo ya ce, "Malam, kawo naka hannun mana." Wata kuma ta bi ta wajen wansa, wata ta wajen amininsa da suke zuwa bida tare. Kowace ta san ƙofar gidanta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da suka komo gab da damina, da kuma kafin su sake tafiya.

Yadda muka ƙare

Da Laraba ta zagayo, ba mu ba ƴar uwarmu rancen jika goma ba. Daga ɗan asusun taimako da muke warewa don rashin lafiya da rasuwa muka cire mata kuɗin awo da na kabu-kabu. Ta bi ta wajen wan mijin, suka tafi su uku. Aka samu tansiyonsa 18 bisa 10, suga kuma ya hau. Yanzu yana shan magani, an ce ya riƙa komawa awo duk wata. Ta ce ranar farko ya yi fushi, yana cewa an tona masa asiri. Yanzu shi da kansa yake tuna mata ranar komawa.

Rumman ɗin ma ba mu bar shi ba. Itace ne mai jure zafi da ƙarancin ruwa, ana dasa shi da reshe, kuma idan ya samu kulawa yakan fara ƴaƴa cikin shekara uku. Mun roƙi wani direba mai bin hanyar Agadas ya taho mana da rassa, kowace ta dasa ɗaya kusa da inda ake alwala, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wadda nata ya kama za ta yanko wa wadda nata ya mutu.

Shugaba kuma ta ƙara tambaya guda cikin zamanmu na farkon kowane wata. Bayan an kira suna an yi zubi, sai ta ce, "Yaushe rabon da a auna maigida? Ke kuma fa?" Muna roƙon sauran ƙungiyoyi, daga Tawa har Tabalak da Keita da Buza, su gwada yin ta a nasu zaman. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka cikin asusunmu.