Hutun bazara a Damagaram: Yadda yara ke raba kwanakinsu tsakanin layin pampo, garka da gonar kaka

Tun kafin a kira sallar asuba, ƙarar jarkoki ce ke tayar da mutane a unguwanni da dama na birnin Damagaram. Yara ne da matasa ke sammako zuwa pampo, wasu da amalanke, wasu da baro, wasu da jarka a ka, don su kama layi kafin rana ta fito.

A ranakun karatu, rabin waɗannan yara da suna shirin lakwal a wannan lokaci. Amma daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu makarantun Nijar kan ba da ɗan gajeren hutu na ƙarshen zango na biyu, kuma hutun yakan faɗo daidai shigowar bazara, lokacin da zafi ke kai maki 40 ko fiye, ruwa kuma ya yi wuya. A 2024 da 2025 ma azumi ya haɗu da wannan lokaci.

Don haka kowane gida yakan tsaya ya yi lissafi: wa zai zauna ya taya ɗiban ruwa, wa za a tura ƙauye wurin kaka, wa kuma zai rungumi takardunsa saboda jarrabawar BEPC ko Bac da ke tafe a ƙarshen shekarar karatu.

Ruwa ne ke tsara yini

Matsalar ruwa a Damagaram ta girmi duk wanda ke raye a yau. Birnin yana zaune a kan dutse, kamar yadda manyan duwatsun da ke kewaye da unguwar Birni ke nunawa, kuma irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa mai yawa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake kawowa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926.

Har yau daga wajen gari ake turo ruwan pampo, daga rijiyoyin Gogo da Machaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Sai dai gari yana ta faɗaɗa: ƙidayar 2012 ta nuna mutum sama da 300,000 a birnin, kuma tun daga lokacin an yi sababbin unguwanni da yawa. Idan bazara ta yi tsanani, unguwannin da ke kan tudu su ne na ƙarshen ganin ruwa, 'yan garuwa kuma kan ƙara kuɗin jarka.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne garin da ke ƙishi a Afrilu shi ne ke fama da ambaliya a Agusta da Satumba. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma a shekarar sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar da ta shafi ƙasar.

A gidan da ke da yara 'yan makaranta, hutu na nufin ƙarin hannu. Uwa takan samu sauƙin da ba ta samu ba tun Oktoba. Sai dai nauyin ya fi faɗawa kan 'yan mata, domin bayan layin pampo akwai wanke-wanke da shara da raino, yayin da 'yan'uwansu maza kan sulale zuwa filin ƙwallo ko fada da zarar sun sauke jarkar ƙarshe. Yarinyar da ke ajin jarrabawa, idan ba a rage mata aiki ba, haka hutun zai ƙare ba ta buɗe littafi ba.

Lambun tsakar gida

Duk da wannan ƙunci, da wuya ka shiga gida a Zango ko Garin Malam ko Sabon Gari ka rasa wani kore a lungu: gindin zogale, ko bedi, ko lemun tsami, ko 'yar yakuwa a cikin tsohon bokiti. Yawanci aikin mata ne da tsofaffi, kuma lokacin hutu yara ake damƙa wa ban ruwa.

Dabarar ita ce kada ɗigo ya tafi a banza. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya duk gindin shuka suke tafiya. Ruwan da ke da sabulu mai yawa ne ake kauce wa zuba wa ganyen da za a ci. Ana ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye laimar. Wasu kan binne ƙaramin tulu kusa da shuka su cika shi, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali ta jikin yumɓun. Mai ƙaramin fili kuma yakan cika buhu da ƙasa da takin awaki, ya huda gefensa ya dasa.

Wanda ya san lokaci ba ya wahalar da kansa da salati ko shu a Afrilu, domin kayan sanyi ne, zafi na taɓa su sai su yi ɗaci ko su lalace. Bazara ta zogale ce da yakuwa da rama da alayyafo da kuɓewa, masu jure rana. Gindin zogale biyu ko uku da ake tsinka bi da bi sun isa a riƙa samun kwaɗo da ƙuli-ƙuli a gida, a daidai watannin da kayan miya ke fara tsada a Kasuwar Dole.

Yaron da aka ba shi gindin shuka guda aka ce nasa ne, yakan koyi abin da ba a rubuta masa a allo ba. In ya manta da ita kwana biyu zai tarar ta yi yaushi, in ya bar ƙofa a buɗe akuya ta gama da ita.

Lahadi a Mirya

Ga iyalan da ke son fita shan iska, Mirya ce mafi kusa, kimanin kilomita 18 gabas da birni. Kasuwarta na ci ranar Lahadi, kuma garin ya yi suna da garake da bishiyoyin mangwaro da tarin kukoki. Hutun yana dacewa da farkon nunar mangwaro, shi ya sa yara ba sa buƙatar lallashi.

A cikin garka ne ɗan birni ke ganin inda tumatir da albasa ke fitowa. Zai ga rijiya marar zurfi, ya ga fangalai da 'yan hanyoyin ruwa, ya ga mai garka yana buɗe wannan yana toshe wancan da ƙafa ko da fartanya. A da guga da jigo ne kayan aikin. Yanzu injin ban ruwa mai amfani da fetur ya yawaita, masu hali kuma sun fara komawa ga mai aiki da hasken rana.

Kukokin Mirya ma dukiya ce. Kowace tana da mai ita, ana gadonta kamar gona, ana shanya ganyenta a daka a kai kasuwa. Yaron da ya sha miyar kuka tun yana goye, sau da yawa a nan yake fara tsayawa a gindin bishiyar.

Wanda ya ƙara gaba a kan hanyar Gure zai isa Gidimuni, inda tafki ke kwance tsakanin tuddan rairayi, kewaye da dabino da garake. A 2019 aka sanya tafkin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ta kudu kuma akwai kwarin Korama, wajen Matamaye da Magarya, inda ake noman rake da rogo da dankali. Masu sha'awar tarihi kan nufi yamma zuwa Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojojin Faransa a 1899.

Tafiya cikin gawo

Yaran da aka tura ƙauye su ne ke ganin ainihin aikin bazara. Lokaci ne na sharar gona da sassabe da kai taki a kan jaki ko amalanken shanu, da gyaran rumbu da jinka kafin ruwa ya sauka. Da sanyin safiya kaka yakan ɗauki gatarinsa, jikoki na biye, suna tafe ana tsokanar juna irin ta kaka da jika: yana kiran jikanyarsa amaryarsa, ita tana cewa ba ta auren tsoho.

A irin wannan tafiya, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne gawo. Ƙasa ta bushe ƙamas, amma shi yana tsaye kore shar. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau.

Mutanen Damagaram sun daɗe da sanin haka. Tarihin baka ya nuna cewa sarakunan ƙasar a ƙarni na 19, musamman Tanimun wanda ya gina ganuwar Birni, sun hana sare gawo tare da hukunci mai tsanani ga wanda ya karya dokar.

Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonaki da yawa sun zama fili fetal. Daga nan manoma suka koma ga abin da ake kira sassabin zamani: idan an zo sharar gona, ba a tumɓuke duk tsiron da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a riƙa yi musu aski har su zama bishiya. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da bishiyoyi kimanin miliyan 200 ta wannan hanya a kudancin Nijar, kuma Magarya da Matamaye da Mirya na cikin wuraren da abin ya fi bayyana. Yawancin bishiyoyin nan ba dasa su aka yi ba, tsare su aka yi.

Matashin da ke karanta batun sauyin yanayi a waya zai iya ganin wannan aiki da idonsa a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gidansu. A hanya kuma zai koyi bambanta kurna da magarya, aduwa da kanya, kalgo da sabara, ya san wadda ake ci da wadda ake magani da ita. Sunayen nan suna bakin tsofaffi, kuma yaron da bai taka gona ba da wuya ya riƙe su.

Saƙo ga na nesa

A gidaje da yawa uba ba ya nan lokacin hutun. Yana Kano ko Legas ko Agadas, ko Libiya ko Aljeriya. Ta waya yake ganin yaransa, su nuna masa zogalen da suka shuka ko kwandon mangwaron da suka zo da shi, shi kuma ya turo kuɗin ruwa da na mota.

Jihar nan ta san abin da ci-rani ke ci. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance.

Abin da ke tayar da mutane daga gida shi ne watannin rani da babu aiki kuma rumbu ya yi ƙasa. Garka na cikin 'yan abubuwan da ke cike wannan giɓi. Inda ruwa ke kusa, rijiya ɗaya da injin ban ruwa da shinge mai kyau kan riƙe matasan gida guda daga girbi har zuwa shuka. Garka ba ta rasa nata ciwon kai: tsadar mai da iri, ƙwari, faɗuwar farashi idan kowa ya kwashe tumatir a mako ɗaya, da rashin wurin adanawa. Rufe iyaka da Najeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna yadda kasuwa kan tsaya cak. Duk da haka, ɗan ci-ranin da ke tunanin inda zai sa abin da ya tara, yana da kyau ya tambayi 'yan gida halin da garkar gado take ciki kafin ya yanke shawara.

A kiyaye

Fita a bazara na son shiri. A tashi da wuri, a dawo inuwa kafin rana ta take, a riƙe ruwan sha isasshe, yara su sa takalmi saboda ƙaya da kunama da maciji. Kada a bar su su yi wanka a tafki ba babba a kusa, saboda nutsewa da cutar tsargiya.

Lokacin sanƙarau ne kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu a jihar Damagaram tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti nan take.

Sannan garka da gona suna da masu su. A yi sallama, a nemi izini kafin a tsinki ko da mangwaro ɗaya ne, a rufe ƙofar shinge in an fito.

Hutun ba ya daɗewa. Kafin a ankara motocin Mirya da Matamaye da Magarya sun fara dawo da yara, kowa da ƙullin kuka ko goruba ko 'yar kaza daga kaka. Ranar Litinin za su koma aji cikin zafin da ya fi na da, layin pampo kuma ya koma hannun iyaye mata har sai ruwan farko ya sauka a Yuni ko Yuli.