Sahihi da Batili a Gwajin Bangon Hanji

Ya yawaita a wannan zamani, musamman a bakin masu tallan magungunan ƙarin kuzari, cewa wai akwai na'urar da mutum zai damƙe ɗan ƙarfenta a tafin hannu na minti ɗaya, kwamfuta ta fitar masa da takarda cewa hanjinsa ya huje, alhali kuwa babu wata hujja ta ilmi da ta tabbatar da cewa irin wannan na'ura tana sanin abin da ciki ya ƙunsa. Wannan da'awa batila ce, kuma abin baƙin ciki, galibi mai yin gwajin shi ne mai sayar da maganin.

Amma asalin mas'alar yana da tushe, domin fuskar hanji ta ciki shimfiɗa ce guda tak ta ƙwayoyin halitta, wadda Allah cikin hikimarSa Ya sanya tana sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5, tana barin amfanin abinci ya shige jini tana tare ƙazanta, kuma haƙiƙa takan yi rauni. Masana sukan auna wannan rauni ba tare da tsaga ba, ta hanyar shayar da mutum sukari iri biyu, laktulos da manitol, sannan a tara fitsarinsa na wasu sa'o'i. Tun da yake laktulos ba ya ratsa lafiyayyen bango illa kaɗan, yawansa a fitsari alama ce ta lalacewa. Da wannan hanya ce masu bincike a Keneba ta ƙasar Gambiya suka bayyana a 1991 cewa raunin hanjin jarirai yana tafiya tare da tsumburewarsu. Sai dai har yau gwajin ya fi zama kayan bincike a kan kayan asibiti.

Wanda ya fi amfanar majiyyaci, a ganina, shi ne gwajin kalfurotektin a bayan gida, wato sinadarin da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa idan hanji ya kumbura, wanda idan bai kai mikrogiram 50 a kowane giram ba ga baligi, da wuya a ce akwai kumburi mai tsanani. Duk da haka yana da iyaka, domin atini yana ɗaga shi, haka ma yawan shan ibuprofen ko diclofenac, don haka yana shaida kumburi ne ba tare da ya faɗi musabbabinsa ba.

Gwajin zonulin kuwa, da ake tallarsa da tsada a matsayin ma'aunin raunin bangon hanji, akwai shubuha a cikinsa, domin masu bincike a Jamus sun gano a 2018 cewa wani shahararren kayan awonsa yana kama wani sinadari ne daban. Ga mai zargin gyambon ciki, gwajin numfashi ko na bayan gida shi ke tabbatar da cewa ƙwayar Helikobakta, mai haddasa gyambon, tana nan, na jini kuwa yakan nuna ta ko bayan an warke.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka ga jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko ƙarancin jini, ko gudawa ta wuce mako 4, kada wata takardar gwaji ta kwantar maka da hankali. Ka garzaya wurin likita, domin a wannan hali sau da yawa babu makawa sai an leƙa hanjin da na'ura.