Jigon Soyayya a Ƙagaggun Labaran Kano: Wa Ke da Ikon Zaɓen Miji?

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba abin da littattafan soyayya na Kano suke jayayya a kansa. Ra'ayina shi ne, soyayyar da ke cikinsu riga ce kawai. Ainihin maganar ita ce wa ke da ikon zaɓar wa yarinya miji: ita kanta, ko iyayenta, ko kuwa mai kuɗi.

Wannan jigo ba baƙo ba ne. Cikin littattafan farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. A ciki, Abubakar na son Zainab, sai attajiri Malam Shehu ya aure ta da ƙarfin dukiya. Amma a lura, daga nan labarin ya koma na ramuwar gayya tsakanin maza biyu, ita kuwa Zainab kusan ba a jin bakinta. Sai a 1980, da kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, aka sami tauraruwa mai tsayawa ta ce ga wanda take so, wato Boɗaɗo, Bafillatanar da ta zaɓi wanda ba Bafillace ba duk da ƙin danginta.

Dalilai biyu suka mai da Kano cibiyar wannan adabi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa, har da 'yan mata, masu karanta boko. Sa'an nan taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa. Haka ƙungiyar Raina Kama ta tashi, da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa.

In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino (1991) ya cancanci a tsaya a kansa, domin tubalinsa ɗaya ne da na Jiki Magayi: saurayi talaka, Muhammad, da abokin takara mai dukiya, Abdulƙadir. Bambancin yana wajen Sumayya. Ita ce ta fara nuna so, ita ce ta ƙi zaɓin gida, har ta faɗa rijiya da aka matsa mata. Masu suka sun ce wannan koya wa 'ya'yan mutane rashin kunya ne. Ni kuwa ina ganin tambaya marubucin ya jefa wa iyaye, tambayar da 'yar cikin birni ba ta da halin yi a gaban mahaifinta. Balaraba, wadda aka cire ta daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fi kowa kaifin alƙalami. A Wa Zai Auri Jahila? (1990) an hana Abu karatu an ba tsoho, Sarkin Noma, kuma ba wani saurayi ne ya cece ta ba, komawa makaranta ce. Kiran wannan littafi da na soyayya ma, a ganina, rage masa daraja ne.

Ba a rasa muhawara ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka kare su a jaridu. Zargin kwaikwayon finafinan Indiya yana da ƙamshin gaskiya, amma kamar yadda Brian Larkin ya nuna a 1997, abin da ya ja Bahaushe ga waɗannan finafinai shi ne ya ga matsalar gidansu a ciki, wato auren tilas da biyayyar iyaye. Sukar da na yarda da ita ita ce ta raunin ƙa'idojin rubutu da maimaita zubi ɗaya, musamman a littattafan da aka yi don neman kuɗi kawai.

Hukuma ma ta tsoma baki. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga baya ta faɗaɗa aikinta zuwa ga marubuta, kuma a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu littattafan da aka karɓe daga ɗalibai mata. Shekara biyar bayan haka, a 2012, kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba cikin Ingilishi.