Manomin Rani da Sabuwar Dokar Inshorar Lafiya: A Yi Hattara, A Kuma Nemi Haƙƙi

A yankinmu na Kura, Bunkure da Garun Malam ba kasafai fari ke raba manomi da gonarsa ba. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta magudanai har Kadawa, mutum kan noma shinkafa da damina, ya bi ta da tumatir ko alkama ko albasa da rani. Abin da ya fi cin gona a nan shi ne asibiti. Naƙuda ta zo da gardama cikin dare a ce sai tiyata, ko yaro ya kwana uku da zazzaɓi a ce jininsa ya yi ƙasa sai an ƙara, ko a kwaso matashi daga titin Kano zuwa Zariya da karaya. Kafin gari ya waye an karyar da buhun shanshera, an kaɗa tumakin uwargida kasuwa, in abin ya ci tura a jinginar da gona. Na san gidan da har yau 'ya'ya ke ƙwadago a gonar ubansu, domin kuɗin jinyar da aka karɓa a kanta ba su samu biya ba, shi kuma wanda aka yi wa jinyar ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan ne ya sa bai kamata mu ɗauki maganar dokar inshorar lafiya a matsayin hayaniyar mutanen Abuja ba. Ranar 19 ga Mayu, 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta soke tsohon tsarin NHIS, ta kafa hukumar NHIA a madadinsa. Da yawa a karkara ba su ma san an yi ba. Wasu da suka ji a rediyo suka ce an dai sauya wa tuwo suna. Akwai gaskiya a zargin nasu, amma ba duka ba.

Tsohuwar dokar soja ce, mai lamba 35 ta 1999, wadda aka yi a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, ba ta kuma fara aiki ba sai 2005 zamanin Obasanjo. Shiga tsarin ganin dama ne, kuma an gina shi a kan albashi: a yanki wani kaso, a ba ma'aikaci kati shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. To manomin Karfi ko Gurjiya, albashin wa za a yanka? Shi ya sa bayan shekara goma sha bakwai waɗanda tsarin ya rufe ba su kai kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, mafi yawansu ma'aikatan gwamnatin tarayya, alhali fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

Ko su masu katin ba su tsira ba. Tsakanin hukumar da asibitoci akwai kamfanonin da ake kira HMO, wato dillalan da kuɗi ke bi ta hannunsu. Asibitoci suka yi ta kukan ana riƙe musu kuɗi wata da watanni, majinyata kuma suna kukan wulaƙanci. Farfesa Usman Yusuf, wanda ya shugabanci hukumar daga 2016, ya fito fili ya yi fito-na-fito da waɗannan kamfanoni. Shi ma aka zarge shi, Ministan Lafiya Isaac Adewole ya dakatar da shi a 2017, aka maido shi a 2018, aka sallame shi a 2019. Majalisar Tarayya ta takwas ta zartar da ƙudurin sauya dokar, bai samu sa hannu ba. Sai a majalisa ta tara, da Sanata Ibrahim Oloriegbe na Kwara ya sake ɗauko shi, aka kai gaci.

Sabuwar dokar ta mai da inshorar lafiya wajibi a kan kowane mazaunin ƙasar, ta ɗora wa kowace jiha alhakin gudanar da nata tsarin, ta rage wa dillalan nan iko a kan kuɗin jama'a. Ta kuma kafa asusu na musamman don masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da waɗanda ba su da hali. A ranar sa hannu an ambaci mutum miliyan 83 da asusun zai ɗauka. Lissafi ne mai daɗin ji. Sai dai duk gardamar da ake yi, a majalisa ko a wajenta, tana komawa ga tambaya guda: wa zai biya? An kawo shawarar harajin kobo ɗaya a kan kowace daƙiƙa ta kiran waya, aka yi ta cece-kuce. Gana ta daɗe da yanke nata hukuncin, domin tun dokarta ta 2003 ta ɗora kashi biyu da rabi a kan harajin kayan masarufi don wannan aiki. Mu kuwa mun rubuta "wajibi" a takarda, har yanzu muna laluben tukunyar da za ta ciyar da kowa.

Kada a ce mu kaɗai ne. A Amurka, dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta sha barazanar sokewa daga jam'iyyar Rifablikan shekara bakwai cur. A watan Yulin 2017 aka kai ƙudurin soke ta gaban majalisar dattawa, ya faɗi da ƙuri'a 51 da 49, bayan Sanata John McCain ya juya wa jam'iyyarsa baya. Maganin miliyoyin mutane ya rataya a kan ƙuri'ar dattijo ɗaya. Abin lura a nan shi ne, dokar da majalisa ta yi, wata majalisar na iya warware ta, ko ta bar ta a raye ta hana ta kuɗi, wanda shi ne salon da muka fi sani a nan gida.

To ta ina dokar ke shigowa Kura da Bunkure? Ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, wadda aka kafa da dokar jiha a 2016. Kalmar "taimakekeniya" ta dace da abin, kuma tana amsa shakkun masu ganin inshora kamar caca: kowa ya zuba kaɗan, wanda Allah ya jarraba da ciwo a ɗauke masa nauyi. In ba ka yi ciwo ba, kuɗinka ba su dawowa, sun yi wa wani magani. A nan ta bambanta da adashi, kuma gara mutum ya san haka tun farko da ya zo yana rigima a ƙarshen shekara. Hanya ta biyu ita ce asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma ya fara shiga kasafi a 2018. Kusan rabinsa na tafiya ne wajen yi wa marasa hali rajista kyauta, a asibitin da aka zaɓa a mazaɓarsu. Gurbin ba ya isar kowa, shi ya sa ya zama abin wawaso.

Ga inda nake so a buɗe ido sosai. Duk lokacin da aka ce abu ya zama dole, 'yan damfara sun samu kasuwa. Wanda ya same ka a bakin gona ko a kasuwar Kwanar Gafan da jaka da takardu, ya ce an sa tara a kan wanda ba shi da kati, ko ya ce ka kawo wani abu a sa sunan matarka a jerin masu cin gajiyar kyauta, kada ka ba shi ko sisi. Rajistar masu rauni kyauta ce. Ta masu biya kuwa, a asusun hukuma ake zuba kuɗin, a ba ka rasit mai sunanka. Lambar NIN ɗinka ka ba jami'in da ka tabbatar da shi a asibiti ko ofis, amma lambar sirrin katin banki babu ruwan kowa da ita.

Sai katin siyasa. Ɗan majalisa ko mai neman kujera ya biya wa mutum ɗari ko dubu, a taru a yi hoto. Alheri ne, ba na kushe shi. Amma irin wannan biya galibi na shekara ɗaya ne. Ka tambayi ranar da zai ƙare, da wanda zai sabunta, kada ka je da mara lafiya a duba a ce katinka ya mutu tun bara.

Akwai kuma abin da ba a cika bayyana wa mutane ba, wato yadda asibiti ke samun kuɗinsa. Kowane mai kati yana da asibiti guda da aka rubuta masa, ana kuma biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kansa duk wata, ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya an daɗe ana biyan naira 750 kan mutum ɗaya, yayin da farashin magani ke ninkawa, sai a 'yan shekarun nan aka ƙara. Wannan ne asalin "babu magani, je ka kamis". Amma ƙarancin kuɗin bai soke haƙƙinka ba, domin da sunanka ake karɓar su. In maganin yana cikin jerin da tsarin ya ɗauka aka ce ka saya a waje, ka nemi ganin shugaban asibitin, ka sanar da kwamitin ci gaban mazaɓa da dagaci, ka kai kuka ofishin hukumar. Haka nan kada ka tsallake asibitinka ka miƙe asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano da kati a hannu, sai da takardar turawa, in ba gaggawa ba ce. Ba kowane ciwo tsarin ke ɗauka gaba ɗaya ba, musamman masu tsada irin su wankin ƙoda da ciwon daji. Matan da haihuwa ta zo musu da matsala kuwa, a sani cewa a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga marasa hali a asibitocin da aka ware. A tambayi wanne ne mafi kusa tun a wajen awo, ba ranar naƙuda ba.

Mu mutanen ban ruwa mun fi kowa buƙatar wannan tsari. Ruwan da ke ba mu amfani sau biyu a shekara shi ke rainon sauro rani da damina, shi ke sa wa yaran da ke wanka a magudana tsargiya, ga maganin feshi da matasa ke shaƙa ba takunkumi. Kuma a ganina babban gibin dokar a wajenmu shi ne lissafinta na mai albashi ne, alhali manomi kuɗinsa na zuwa ne lokaci guda. Maganin wannan yana hannunmu. Muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke karɓar kuɗin ruwa da gyaran magudana, muna da ƙungiyoyin manoman shinkafa da na tumatir, da na mata masu turara. Abin da ya rage shi ne shugabanninsu su zauna da KSCHMA a shirya rajistar rukuni, a riƙa biya a kakar shinkafa ko lokacin da kwandon tumatir ke da daraja. Masu injinan casar shinkafa a Kura su ma su sani, dokar ta ambaci duk mai ma'aikata biyar zuwa sama.

Jama'a, kafin kuɗin kakar bana su bi ta taki da biki, kowane magidanci ya taka zuwa asibitin mazaɓarsa, ya tambayi ko yana cikin tsarin, wa ya cancanci rajistar kyauta a gidansa, nawa kuma sauran za su biya a shekara. In 'yan takara sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su nawa aka saki wa asusun masu rauni, kuma mutum nawa aka yi wa rajista a mazaɓar.