Hunturu da Taurin Bayan Gida: Me Ya Sa Mata Suka Fi Jin Jiki?

Da zarar iskar hunturu ta kaɗo a watan Nuwamba, sai koken "cikina ya cushe" ya yawaita a bakin mata, ko da yake ƙasa-ƙasa ake yinsa. A likitance, wadda ba ta zagaya sau 3 a mako ba, ko kuma sai da yunƙuri da nishi take samu, tana fama da taurin bayan gida. A tsakar gida kuwa basir ake ɗora wa laifin, alhali sau da yawa yunƙurin ne ke jawo basir ɗin.

Babban dalili shi ne ruwa. A Kano ko Damagaram, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, jiki na ta asarar ruwa ta numfashi da fata, amma sanyi ya danne ƙishirwa. Ruwan randa ya yi ƙanƙara, ba mai marmarinsa. Akwai kuma lissafin da mata da yawa ke yi a zuci: in na sha ruwa zan yi fitsari, in na yi fitsari sai tsarki da sabuwar alwala da ruwan sanyi. Sai a riƙe alwalar azahar har la'asar, a wuni da kofi biyu. Aikin babban hanji kuwa tsotse ruwa ne daga abin da ya rage na abinci. In jiki ya ƙaranta da ruwa sai ya ƙara tsotsa, abin ya bushe.

Kunya ma tana da nata kason. A gidan haya mai banɗaki ɗaya, ko gidan da suruki ke zaune a tsakar gida yana shan hantsi, mace takan matse har dare, dare ya yi kuma ɗari ya hana fita. Duk lokacin da aka matse, hanji na ƙara busar da abin da ke cikinsa, a hankali ma ya daina sanar da mutum.

Halittar mace ta riga ta sa ta a gaba. Sinadarin da ke ƙaruwa kafin al'ada da lokacin goyon ciki yana sanyaya motsin hanji, ga ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo, wadda ita ma tana ɗaure ciki. Nan ne illar ta fi ba ni tsoro, don wasu sukan ajiye ƙwayar gaba ɗaya, su musanya taurin ciki da ƙarancin jini. Mai jego kuma ga shayarwa na jan ruwa, ga tsoron ɗinki.

Abinci fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana. Mu kuwa mukan surfe gero da masara tas, mu ba awaki dusar, mu karya da shayi da farin burodi. Abin mamaki, hunturu ne lokacin da lambu ya fi cika kasuwa: kabeji, karas, latas, ga lemon Binuwai a kan baro. Kwaɗon zogale ko rama, wake, miyar kuka da ta kuɓewa duk suna sassauta ciki, muddin an bi su da ruwa. In sanyinsa ne matsalar, a ɗumama a zuba a fulas.

Maimakon haka, an fi garzayawa ga filasko da jiƙe-jiƙen masu tallar maganin basir da lasifika. Suna wanke ciki, ba musu, amma da murɗa da gudawa, wadda ke ƙara zubar da ruwan da dama bai isa ba. Bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Mai juna biyu dai kada ta sha sai ta tambayi ma'aikaciyar awo, akwai magunguna masu sauƙi da ake ba irinta. Wadda ta ga jini, ko rama ba dalili, ko amai da kumburin ciki, ko taurin ya zo mata kwatsam bayan ta manyanta, wannan ya wuce batun hunturu, sai asibiti.