Ibro: Gandiroban da barkwanci ya mayar fursuna

A watannin ƙarshe na shekarar 2008, wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke wa Rabilu Musa, wanda duniyar Hausa ta fi sani da Ɗan Ibro, hukuncin ɗaurin wata biyu. Tuhumar da aka karanta masa ba ta ambaci siyasa ba ko da harafi ɗaya. An ce yana tafiyar da kamfanin shirya fim ba tare da rajista ba, kuma akwai rawar da ta saɓa wa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko. Sai dai a bakin 'yan fim da masu sayar da faifai da 'yan acaɓa, zancen ya sha bamban. A cikin fim ɗin akwai wata waƙa da ake kira Mamar, sunan wani yadi mai ratsi-ratsi da jama'a suka alaƙanta da suturar gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, har waƙar ta zama abin zolaya a tituna. Da yawa sun tsaya a kan cewa wannan ne ainihin laifin, rajista da rawa kuwa igiyar ɗauri ce kawai.

Mutumin da aka rufe a gidan yari a wannan shekara ya san gidan ciki da waje, domin aikinsa na farko ke nan.

An haifi Rabilu Musa a ranar 12 ga Disamba, 1971, a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, sannan a 1991 ya shiga aikin gidan yari. Ya yi kimanin shekara takwas yana sanye da kakin gandiroba kafin ya ajiye ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Fim ɗin 'Yar Mai Ganye na cikin na farkon da suka fito da sunansa. Lokacin kuwa ya zo masa daidai: harkar fim ɗin bidiyo ta Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta fara zama kasuwa ta sosai, kaset yana barin Kano ya isa Jega da Maraɗi da Kumasi.

Galibin finafinan wancan zamani na soyayya ne, da saurayi kyakkyawa da budurwa da rawa da waƙa irin ta Indiya. Ibro bai nemi gurbin saurayin ba. Ya ɗauki gurbin da jarumai ke ƙyama: baƙauyen da ya shigo birni, maigidan da matarsa ta fi ƙarfinsa, malamin tsibbu na ƙarya, mayaudarin da dabararsa ke komawa kansa. A sana'ar wasa akwai masu jan labari, akwai kuma masu ɗaukar hali, waɗanda aikinsu shi ne su ari tafiya da murya da sutura ta wani nau'in mutum har mai kallo ya ce ai ya san wannan a unguwarsu. Ibro na cikin kashi na biyu, amma ya yi abin da ba kasafai ake gani ba: ya ɗauko mai ɗaukar hali daga gefen allo ya dasa shi a tsakiya, har sunansa ya zama rabin sunan fim. Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin Kongo Awilo Longomba. Ibro Usama ya fito a 2002, watanni bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, lokacin da hotunan Usama bin Laden ke manne a jikin motoci da babura a biranen Arewa. Ibro Saddam ya biyo baya a 2003, shekarar da aka mamaye Iraƙi. Abin da rediyo ya faɗa da safe, kafin a jima Ibro ya sa masa rawani ko gemu ya kai shi kasuwa.

Ba shi kaɗai yake wasan ba. Yana da ayari, irin su Kulu da Ciroki da Ɗangwari da Katakore da Tsigai, kuma yawancin abin dariyar daga musayar magana a tsakaninsu yake fitowa, sau da yawa ba tare da rubutaccen labari mai tsawo ba. Wannan ne ya sa finafinan ke da arha da saurin haɗawa, shi ne kuma ya sa wasu daga cikinsu suka fito sakaka, ba kai ba gindi.

Gadon da ya tarar

Wanda ya ɗauka Ibro ne ya ƙirƙiro wannan salo bai san talabijin ɗin shekarun 1970 da 1980 ba. A Kaduna akwai Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya shafe shekaru yana fitowa a matsayin Samanja Mazan Fama, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki. Akwai Kasimu Yero na Karambana, wanda masu kallon Turanci suka sani da Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn. A Sakkwato kuwa akwai Golobo, kuma ya kamata a tuna cewa har zuwa 1991 ƙasar Jega da Aliero da Maiyama duk a cikin Jihar Sakkwato suke, saboda haka shi ne ɗan wasan gida ga dattawan wannan yanki. Abin lura game da Samanja shi ne, ya yi ta sa mutane dariya da halayen soja a shekarun da soja ke mulkin ƙasa. Amma tashar ta gwamnati ce, albashin daga gwamnati yake fitowa, kuma kowa ya san iyakar da ba a tsallakewa tun kafin a kunna kyamara.

Su ma waɗannan gado suka tarar. Al'adar Hausa ta daɗe da ware wa zolaya fili. Akwai wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da tsakanin taubasai, da jika da kaka. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai, da tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon manya a gaban idonsu, da wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi abin da fadawa ke haɗiyewa. Sharaɗin duk waɗannan ɗaya ne: wanda aka zolaya ya daure, domin fushi da abokin wasa abin kunya ne.

Kasuwar bidiyo ta cire ɗan wasa daga hannun tasha ta miƙa shi ga mai sayen kaset. Ibro ba ya karɓar albashin kowa, ba ya jiran izinin manaja. Wannan 'yanci ne, amma ba shi da garkuwa. A nan kuma ya dace a faɗi abin da masoyansa ba su cika son ji ba: wani sashe na barkwancinsa a kan raunana ya sauka. Yadda ake fito da Bagwari ko Bafulatanin daji a matsayin wanda bai waye ba ya wuce wasan taubasai, domin a wasan taubasai kowa na da bakin ramawa, a fim kuwa mai kyamara ne kaɗai ke magana. Ba a taɓa gurfanar da shi a kan wannan ba. Sai da aka ga kamar dariyar ta juya sama tukuna kotu ta zauna.

Yadda dokar take aiki

Najeriya na da hukumar tace finafinai ta tarayya tun 1993. To, me ya ba jiha ɗaya ikon kafa tata? Amsar tana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Tace fim na cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu. Kundin ya ce kafa hukumar tarayya bai hana majalisar jiha kafa tata ba, kuma amincewar ta tarayya ba ta halatta nuna fim a jihar da hukumarta ba ta amince ba. A kan wannan ne Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, jim kaɗan bayan ƙaddamar da Shari'a. A farko 'yan fim da dama sun karɓe ta a matsayin mafita, domin abin da ke gabansu a lokacin shi ne haramta sana'ar ɗungurungum.

Lamarin ya sauya a watan Agusta na 2007, bayan ɓullar wani bidiyon sirri na wata jaruma. Gwamnati ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka ce kowane ɗan wasa da kowane kamfani ya yi rajista, daga baya aka miƙa hannu har ga marubuta littattafai. Kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da hukumar kan kama mutum, ta saurare shi, ta yanke hukunci cikin ƙanƙanin lokaci. Adam A. Zango ya sha ɗaurin wata uku a 2007 saboda faifansa Bahaushiya. Hamisu Lamido Iyan-Tama, wanda ya yi takarar gwamna a 2007, an ɗaure shi a ƙarshen Disamba 2008 kan fim ɗinsa Tsintsiya da batun rajista, kafin babbar kotu ta rushe hukuncin a 2009. A wannan shekarar ce kuma kotun ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Sankarau ta Ibro, sunan da kowa ya ji abin da yake kama da shi. 'Yan fim da dama suka tattara kayansu suka koma Kaduna.

Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya ba gwamnati damar taƙaita shi don kare tarbiyya da zaman lafiya. Hujjar masu goyon bayan hukumar ke nan, kuma ba hujjar banza ba ce: iyaye da yawa sun damu ƙwarai da abin da 'ya'yansu ke kallo. Matsalar dokar rajista ita ce ba ta buƙatar a tabbatar da cewa mutum ya ɓata tarbiyyar kowa. A masana'antar da mafi yawan mutane ke aiki ba takarda, kusan kowa mai laifi ne a rubuce, sai ya zama zaɓin wanda za a kama ya rage ga mai iko. Kuma da yake a Kano ake shirya mafi yawan finafinan, a kasuwanninta ake rarraba su, hukuncin hukumar jiha ɗaya shi ke tsara abin da matashi a Aliero ko Gehuru zai kalla, alhali bai zaɓi ko ɗan majalisa ɗaya daga cikin waɗanda suka yi dokar ba.

Ibro ya fito daga kurkuku ya ci gaba da wasa, farin jininsa bai ragu ba. Finafinai irin su Andamali sun zo a shekarunsa na ƙarshe, lokacin da rashin lafiya ta fara cin ƙarfinsa. Ya rasu a Kano ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, saura kwana biyu ya cika shekara 43, aka kai shi Ɗanlasan aka binne.

Gwamnatoci sun sauya a Kano tun daga lokacin, jam'iyyu ma haka, amma kowace ta riƙe hukumar da dokarta. A 2019, zamanin Abdullahi Umar Ganduje, an kama darakta Sanusi Oscar da mawaƙi Naziru Ahmad, dukkansu a kan batun fitar da waƙa ba tare da tacewa ba, dukkansu kuma ana danganta su da ɓangaren da ba ya ɗasawa da gwamnati. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka zolayi gwamnan a ciki. A Mayu 2025, ƙarƙashin gwamnatin Abba Kabir Yusuf, hukumar, wadda ɗan fim Abba El-Mustapha ke shugabanta, ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai su an tace ba kafin a sake su a talabijin da YouTube.