Harbi Daidai, Amma Ina Iyakar Ƙarin?

Sankarar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira giliyobilastoma ba dunƙule ba ce da za a yanke a huta. Ƙwayoyinta sukan sulale ta jikin jijiyoyin jini da zaren ƙwaƙwalwa, kamar ciyawar ƙiri-ƙiri da ake nomewa ta sake tsirowa a gefe. Shi ya sa ko an haɗa tiyata da ƙonawa da haske da maganin temozolomide, tsarin da ya kafu tun 2005, rabin majinyata ba sa wuce wata 15.

Hasken eksire da aka saba ƙona ƙari da shi yakan ratsa kai ya fita, yana illata lafiyayyen nama gaba da baya. Ƙwayar furoton kuwa takan shiga ba tare da ɓarna mai yawa ba, ta juye ƙarfinta a zurfin da aka auna, ta tsaya nan. Wani masani, Robert Wilson, ya ba da shawarar amfani da ita a 1946, aka fara a Berkeley ta Amurka a 1954. A 1994 a Chiba, Japan ta shigo da ƙwayar kabon, wadda ta fi furoton nauyi da ɓarna ga ƙari.

Abin da ya fi jan hankalina binciken ɗakin gwaji ne. An lura cewa eksire da bai kai kisa ba yana iya ƙara wa ƙwayoyin ƙarin kuzarin yawo. Masana a Heidelberg ta Jamus suka ruwaito a 2012 cewa kabon akasin haka yake yi: yana rage sinadaran da ƙwayar ke maƙalewa da su wajen rarrafe.

Labari ne mai daɗi, sai dai a faranti aka gani, ba a kan mutum ba. Kuma ga cikas: harbin da ya ƙware wajen tsayawa daidai, a ina zai tsaya ga ciwon da ba shi da iyaka? Inda furoton ya fi nuna amfani shi ne ƙarin yara da na gindin ƙoƙon kai.

Don haka iyalin da aka ce su kai majinyaci Indiya, inda aka buɗe cibiyar furoton a Chennai a 2019, su fara tambayar likita wane irin ƙari ne, kafin a sayar da gona.